Firam ɗin da ba shi da suna: yadda na bi diddigin wanda ya ƙera shi

Firam ɗin keke ne tsirara, shi da fok ɗinsa kawai, ba taya ba feda ba sirdi, an lafta masa wani baƙin fenti mai kauri kamar da tsintsiya aka shafa, ba sitika ko ɗaya, ba bajo a wuya, ba lamba a ko'ina da ido zai iya gani. Wanda na karɓa a hannunsa cewa ya yi ɗan Italiya ne, na ce da me ka gane, sai ya juya min bayan firam ɗin ya nuna min kunnen da aksul ɗin tayar baya ke shiga, ga rubutu nan ya ɗan leƙo ta ƙarƙashin fenti, Campagnolo. Shi a wajensa magana ta ƙare kenan. Ni kuwa abin da ya ja ni ba rubutun ba ne, nauyin ne, da na ɗaga shi da hannu ɗaya sai na ji bai kai yadda na zata ba, sannan na ɗan ƙwanƙwasa tsakiyar fayif ɗin sama da farce na ji ya yi wata siririyar ƙara mai ɗan tsawo, ba irin ƙarar kwaf-kwaf ta fayif ɗin famfo ba. To wannan ba hujja ba ce da za ka kai gaban kowa amma dai ta isa ta sa mutum ya ɗauko abu ya taho da shi gida.

Maganar Campagnolo ɗin nan ita na fara ajiyewa gefe, don ita ce tarkon da ya fi kama mutane. Kamfanin a Italiya yake ba shakka, a garin Vicenza, Tullio Campagnolo ne ya kafa shi a 1933, amma kayan keke yake yi ba firam ba, kuma a wancan zamanin kunnuwan nan sayar da su yake ga duk maƙerin da ya zo da kuɗinsa, na Ingila na Faransa na Holan na Amurka kowa na saye. Wato rubutun bai gaya maka ƙasa ba, abin da ya gaya maka kawai shi ne wanda ya haɗa firam ɗin bai yi rowar kaya ba, don kunne ne na ƙarfen da aka buga, mai kauri, ba falle da aka yanko da inji ba. Nawa dogaye ne, irin waɗanda ake kira 1010, da ramin ɗan siririn sukuru na saita taya, da ɗan ido ɗaya a kowane na ɗaura madigadi. Dogayen sun fi yawa kafin tsakiyar shekarun 1970, daga nan gajeru suka fara karɓe fili. Na kuma duba kunnen dama ko akwai ƙananan ramuka biyu da Campagnolo ta riƙa hudawa a ƙarshen shekarun 1970 don wani ɗan ƙarfe na rataye sarƙa, babu. To ka ga ban san ƙasa ba amma na fara jin ƙanshin zamani.

Daga nan sai lug. Ga wanda bai saba ba, tsofaffin firam na ƙarfe ba walda ake musu baki da baki ba, akwai wani ƙarfe kamar soket da ake zura bakin fayif a ciki, a zafafa, a narka tagulla ko azurfa ta bi tsakani ta riƙe, shi ne masu harkar ke cewa lug. Nawa masu ado ne sosai, bakinsu da lanƙwashe-lanƙwashe da ƙananan ƙahoni kamar an yi musu zanen lalle, duk kaurin fentin nan bai iya ɓoye su ba. Da na tura hoto ga wani abokina da muke wannan haukan tare ko minti biyar ba a yi ba ya kira, ya ce mutumina ka tsinci dami a kala, wannan Nervex Professional ne, keken Faransa Peugeot PX-10 ce a hannunka. Rabin maganarsa gaskiya ne, lug ɗin Nervex Professional ne kuma a Faransa ake yinsu a lokacin, kuma an yi PX-10 da su shekaru da yawa. Sauran rabin ne matsala, don su ma lug ɗin kayan kasuwa ne kamar kunnuwan, Motobécane ta sa su a Grand Record, Schwinn ta sa su a Paramount ɗinta a Shikago, ƙananan maƙera a Ingila kuwa ba a magana. Sannan PX-10 da kunnuwan Simplex aka san ta ba na Campagnolo ba. Na gaya masa haka ya ce ai ana iya canja kunne. Ana iyawa mana, amma kafin in yarda an yi wa firam tiyata gara in auna shi tukuna.

Awo shi ne wajen da na fi ɓata lokaci kuma shi ne ya fi biya na. Faransawa a wancan zamanin da milimita cif suke yin fayif, na sama 26, na ƙasa da na sirdi 28. Ingila da Italiya da Japan da Amurka kuwa da inci suke tafiya, na sama inci ɗaya wato 25.4, sauran biyun 28.6. Bambancin bai fi rabin milimita da ɗan wani abu ba, kuma fenti mai kauri zai iya cinye shi tas, da na sa kalifa, wato abin auna kauri, a kan fentin sai ta ba ni 28.9 a fayif ɗin sirdi, 25.8 a na sama, lambobin da ba na kowa ba. Dole na samu wani ɗan wuri a ƙasan fayif inda ido ba ya kaiwa na goge da samfefa mai laushi har ƙarfe ya fito, na sake aunawa ta fuska biyu saboda tsohon fayif ba lallai ya zama da'ira cikakkiya ba, sai ga 28.6 da 25.4. Faransa ta fara fita daga lissafi.

Abin da ya rufe ƙofar gaba ɗaya shi ne gidan feda, wato wannan gajeren bututun na ƙasa da sandar feda ke ratsawa. In mutum zai duba abu ɗaya tak a tsohon firam to wannan ya duba, don nan ne kowace ƙasa ta yi taurin kanta. Na Italiya faɗinsa milimita 70, raminsa 36, tiredi wato zaren da ake ɗaure sukuru a kai 24 a kowane inci, kuma duka ɓangarorin biyu dama ake ɗaurewa. Na Faransa faɗi 68, rami 35, tazarar tiredi milimita ɗaya, shi ma duka dama. Na Ingila faɗi 68, rami inci 1.37, tiredi 24, amma ɓangaren sarƙa hagu ake ɗaure shi. Akwai na Suwizalan ma, awon Faransa ne da tiredin hagu a ɓangaren sarƙa, shi ne mai rikita mutane. Na auna faɗi, 68. Na wanke tiredin da kananzir da tsohon buroshin haƙori don fenti ya shiga ciki har da busasshen giris, na ɗauko kofi, wato murfin da ake ɗaurawa a bakin gidan feda, mai tiredin Ingila da na tabbatar da shi na shafa mai, na sa a ɓangaren hagu da yatsu kawai ba sifana, ya tafi sumul har ƙarshe ba inda ya cije. Da gidan na Italiya ne da kofin ya yi ta lilo a ciki bai kama komai ba, da na Faransa ne ko Suwizalan da ya yi zagaye ɗaya biyu ya tsaya cak. Na koma ɓangaren sarƙa na juya hagu, ya shige. Kar wanda ya yi wannan gwajin da ƙarfi don Allah, in ka ji ya fara cijewa ka tsaya, mutane da yawa sun kashe tiredin firam mai kyau wajen neman sanin sunansa. Na kira wanda ya ce ɗan Italiya ne na gaya masa, ya yi dariya ya ce to shi dai haka aka gaya masa.

Sai dai tiredin Ingila ba ya nufin Ingila. Japan shi take bi, Amurka shi, Holan ma da yawa shi. Kuma a nan ne na yi ɓatan kai na kusan sati biyu, saboda sandar sirdi.

Ramin da sandar sirdi ke shiga yana gaya maka kaurin bangon fayif, tunda ka san waje 28.6 ne, duk abin da rami ya ƙaru bango ne ya ragu. Fayif mai arha mai kaurin bango za ka ga sandarsa 25.4 ko 25.8 ko 26, mai kyau irin Reynolds 531 da aka sirance tsakiyarsa ko Columbus SL yawanci 27.2 ne. Na gwada 27.2 ta ƙi shiga ko kaɗan, na gwada 26.8 ta shige daidai kamar don shi aka yi ta. 26.8 kuwa awo ne da ake yawan gani a firam ɗin Japan masu fayif ɗin Tange, sai na kama hanyar Japan ina ta duba tsofaffin katalog ina neman wanda ya haɗa lug ɗin Nervex da kunnen Campagnolo da fayif ɗin Tange, abin ya ƙi haɗuwa, kullum sai ɗaya ya zame. Har sai da na kai firam ɗin wajen wani dattijo da ya daɗe yana gyaran irin waɗannan kekunan, na zayyana masa duk abin da na auna ina ji da kaina, bai ce komai ba ya karɓa ya juya bayan fayif ɗin sirdi wajen haske, ya sa babban yatsa a kan tsagar nan da noti ke matsewa. Ya ce ɗana dubi nan da kyau, ƙasan tsagar da samanta faɗinsu ɗaya? Na duba, ƙasa a buɗe take kamar milimita uku, sama kuwa leɓɓan sun kusa sumbatar juna. Na ce a'a Baba. Ya ce to wani ne ya sa masa ƙaramar sanda ya yi ta ɗaurewa har bakin ya tsuke, kai bakin ka auna ba fayif ɗin ba. Ya ɗauko wani faffaɗan ƙarfe mara kaifi ya sa a tsagar ya buɗa a hankali, kaɗan kaɗan yana dubawa, har gefunan suka miƙe, ya goge tsatsar ciki da samfefa da ya naɗa a sanda, ya shafa giris, ya ce kawo mai 27.2 ɗin. Ta shige da ɗan murzawa kawai. Wallahi kunya ta kama ni, sati biyu ina yawo a Japan alhali amsar tana bayan firam ɗin.

Da 27.2 a hannu sai maganar ta koma ko Reynolds ko Columbus. Na cire fok na haska tocila ta ƙasan bututunsa, don Columbus tana yin wasu tudu guda biyar masu murɗewa kamar igiya a cikin gindin bututun fok, kuma sau da yawa akwai hoton kurciya da aka buga a jikinsa. Nawa sumul yake ciki da waje. Wannan bai tabbatar da Reynolds ɗari bisa ɗari ba, sitikar da za ta faɗa ta tafi da tsohon fenti, amma awon inci da sanda 27.2 da bututun fok sumul da nauyin firam da ya tsaya kilo biyu da ɗan ɗoriya a sikelina, duk sun fi karkata ga 531. Shi 531 ɗin tun 1935 kamfanin Reynolds na Birmingham ya fito da shi, ƙarfe ne da aka gauraya da manganis da molibdenum, kuma shekaru arba'in ko fi shi ne abin da maƙeran Ingila da na Faransa da na ƙasashe da dama ke alfahari da shi, don haka shi ma bai nuna mutum ɗaya ba.

Zamani kuwa ya riga ya fito fili. Tsakanin kunnuwan baya milimita 120, awon giya biyar kenan, 126 ta zo da giya shida, 130 ta zo daga baya can. Babu mazaunin gorar ruwa, babu mazaunin libar giya a fayif ɗin ƙasa, babu ƴan zobban wayar birki a fayif ɗin sama, duk da maɗauri ake kama su a lokacin. Ramin birki na noti ne na waje ba irin wanda ke nutsewa ciki ba da ya zama ruwan dare a shekarun 1980. Duk wannan yana cewa farkon shekarun 1970 zuwa tsakiyarsu.

A nan abokina na PX-10 ya sauya sheƙa ya ce to Paramount ce. Kuma gaskiya wannan karon na ɗauki maganarsa da muhimmanci don komai ya hau, Paramount ta wancan lokacin Nervex Professional ce, kunnen Campagnolo, Reynolds 531, tiredin Ingila, sanda 27.2, har raina ya fara biyawa. Na sa ɗan maganin cire fenti a lug ɗin wuya sai ga kurom yana ƙyalli a ƙasa, haka a ƙafafun fok daga ƙasa da ƙarshen sandunan baya, Paramount ma tana da kurom a lug, zuciya ta ƙara bugawa. Amma Schwinn a kunnen baya na hagu take buga lambar Paramount, na kankare kunnen nan tas har ya yi fari, ba komai sai sunan Campagnolo. Sannan saman sandunan baya, inda suke haɗuwa da lug ɗin sirdi, nawa an miƙar da bakinsu an lanƙwaso su sun kwanto ta saman lug ɗin, wannan kuwa ɗabi'ar maƙeran Ingila ce, kuma akwai wata ƴar gada mai lanƙwasa da aka liƙa tsakanin sandunan biyu sama da gadar birki, ta riƙe wayar birkin nan da ake ja daga tsakiya.

Ni a ganina irin waɗannan wuraren ne ya kamata mutum ya fi zuba wa ido. Lug da kunne da fayif da kan fok duk daga kanti suke, maƙera ɗari za su iya sayen iri ɗaya a wata ɗaya. Abin da ba a sayarwa shi ne yadda aka gama saman sandunan baya, yadda aka haɗa bakin sanda da kunne, ko an bi gefen lug da magagari an sirance shi ko an bar shi da kaurinsa, inda aka huda ƴan ramukan fitar iska lokacin zafi, da inda aka buga lamba da fasalin lambar. Wasu maƙeran sun sauƙaƙa wa mutane, Colnago na yanka fure mai ganye uku irin na kati a lug da ƙasan gidan feda, De Rosa na yanka zuciya, Masi na yanka harafin M a ƙasa, irin waɗannan ko an yi musu fenti goma ba sa ɓata, shi ya sa ma masu jabu suka fi son sitika don ita ce mai sauƙi. Nawa ba shi da ko ɗaya. Gefen lug ɗinsa da kaurinsa yadda ya fito daga kamfani, an gyara shi tsaf amma ba a zauna an yi masa kwana da kwanaki ana fiƙewa ba, wato aikin masana'anta ne mai kyau da ke fitar da firam da yawa, ba na mutum ɗaya a ɗan shago da ke yin biyu a wata ba.

Ya kamata a ce tun nan na ambaci Raleigh, amma na riga na soke ta daga lissafina tun ranar da na gwada gidan feda, kuma kuskurena na biyu kenan. Na san Raleigh ta Nottingham tana da tiredinta na kanta, 26 a inci, da gidan feda mai faɗi fiye da 68, to da na ga 24 da 68 sai na ce ba ita ba ce na wuce. Abin da na manta shi ne manyan kekunan tserenta ba a Nottingham ake yinsu ba a lokacin. A 1960 Raleigh ta sayi kamfanin Carlton da ke Worksop, tsohon kamfani ne tun 1898, ta mai da shi wajen ƙera masu tsadarta, kuma na sama-saman da ke fitowa daga can tiredin Ingila na kowa da kowa suke da shi don kayan Campagnolo su hau.

Abin da ya dawo da ni hanya ramukan bajo ne. Daga waje wuyan firam ɗin sumul yake, mai fentin ya cike komai. Da na fitar da kofunan wuya na haska tocila ta ciki ina juyawa a hankali, sai na ga wasu ƴan ɗigo masu launin toka sun ɓullo ta bangon gaba, abin cike rami ne da ya tsattsafo ciki ya bushe. Na ƙirga, uku, ba a layi ɗaya ba, sun yi kamar duwatsun murhu. Yawancin bajo da ribiti biyu ake kama shi, ko sama da ƙasa ko hagu da dama, na Schwinn ma sukuru biyu ne sama da ƙasa. Mai uku da kowa ya sani shi ne bajon Raleigh mai kan zalɓe. Na ɗora takarda ta waje na tsokane ramukan da allura na fitar da tazararsu, na gwada da bajon wata tsohuwar Raleigh, suka zauna.

Saura lamba. Tun farko na duba ƙasan gidan feda ban ga komai ba, amma yanzu da na san inda Worksop ke bugawa sai na koma da niyya. Ban sa samfefa mai kaushi ba don lambar wani lokaci ba ta da zurfi, kana gogewa kana cinye ta. Maganin cire fenti na shafa na rufe da leda na ba shi lokaci, na kwashe da katako, baƙin ya tafi sai ga wani jan fenti na share fage a ƙasa, na sake shafawa, sau uku, sannan na bi da burushin waya mai laushi. Ko da ƙarfe ya fito ban ga rubutu sosai ba sai da na kashe fitilar ɗaki na kwantar da tocila ta gefe yadda haske zai yi inuwa a cikin ramukan, na goga alli na share da yatsa. Sai ga W ta fito, da wani harafi a bayanta, sannan 4, sannan lambobi shida.

Wannan tsarin Raleigh ne da ta fara amfani da shi a wajen 1974, harafin farko masana'anta, N Nottingham, W Worksop, harafi na biyu lokacin da aka yi shi a cikin shekara, lambar farko kuma ƙarshen shekarar. Sai dai 4 ɗin tana iya zama 1974 tana iya zama 1984, don ko bayan an rufe Worksop a 1981 an ci gaba da buga W a sashen da ya gaji aikin a Nottingham. A nan duk wahalar awon da na sha ta yi rana, firam ɗin 1984 ba zai zo da 120 a baya da dogayen kunnuwa da lug ɗin Nervex ba kuma ba ko mazaunin gora, 1974 ce ba tantama. Da a ce Ilkeston ne, wato ƙaramin sashen da Gerald O'Donovan ya jagoranta daga 1974 inda ake yi wa ƴan tseren ƙungiyar Raleigh firam, da SB lambar za ta fara, kuma da aikin lug ɗin ya fi haka laushi.

Wane samfuri ne kuma, wannan bai ba ni wuya ba tunda an zo nan. A jerin Raleigh na shekarar, Professional tana da lug marasa ado da sandunan baya da ke haɗewa ta bayan lug ɗin sirdi, ba ita ba ce. Super Course fayif ɗinta 531 ne amma mara sirantaccen tsaki, sandarta ba ta kai 27.2 ba. Competition ta lokacin kunnen Huret gare ta. Wadda ta haɗa Nervex Professional masu kurom da kunnen Campagnolo da cikakken 531 da birkin jan tsakiya ita ce International, wadda aka fi yi don kasuwar Amurka a shekarun da Amurkawa suka yi rububin keke, a 1973 kaɗai an sayar da sama da miliyan 15 a can. Tsayin fayif ɗin sirdi ma da na auna daga tsakiyar gidan feda zuwa sama ya ba ni inci 23 da rabi, ɗaya daga awon da Raleigh ke yi.

To wa ya ƙera shi kenan? Bajon da ya ɓata na Raleigh ne, har da Nottingham a rubuce a jikinsa, amma firam ɗin a Worksop aka haɗa shi, hannun ma'aikatan Carlton ne, da fayif ɗin Birmingham da lug ɗin Faransa da kunnen Italiya. Wanda ya ce ɗan Italiya ne da wanda ya ce ɗan Faransa ne kowa ya kama wata gaɓa ya ɗauka ita ce jikin duka. Na koma wajen dattijon nan da hoton lambar a waya, ya sa tabarau ya duba ya ce ai tun ranar da ya ga saman sandunan baya ya yi zargin haka. Na ce Baba me ya sa ba ka faɗa min ba, ya ce ba ka tambaye ni ba, sandar sirdi ka kawo min.

Yanzu firam ɗin yana rataye, na cire baƙin fentin duka, kurom ɗin lug ɗin wuya ya tsira sai ɗan tabo a ƙafar fok ta dama inda tsatsa ta ci. Ramukan bajo uku na buɗe su da ɗan siririn ƙarfe da hannu ba da injin huji ba. Na riga na gaya wa mai fenti ya rufe kurom ɗin da tef, ƙasan gidan feda kuma shafi ɗaya siriri zai yi masa yadda lambar za ta karantu ba sai an kashe fitila ba. Abin da ya rage min shi ne hob ɗin baya mai 120, don ba zan buɗa masa ƙafa zuwa 126 ba, abokina na PX-10 ya ce yana da guda a cikin tarkacensa amma tiredin firiwil ɗinsa na Faransa ne.